Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san akwai wani irin littafi da ba ya cikin manhajar karatu, babu kuma malamin da zai yi tambaya a kansa ran jarrabawa, amma ya fi kowane littafi shan hannu. Iyayenmu da suka yi sakandare cikin shekarun 1970 da 1980, a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da takwarorinta, sukan ba mu labarin yadda littafin James Hadley Chase guda ɗaya kan zagaye ɗaki har bangonsa ya fita, a sa zare da allura a ɗinke, a ci gaba da karatu da hasken aci-bal-bal bayan an kashe fitila. Mu namu yana cikin wayar hannu, ana tura shi daga wannan zuwa wancan ba tare da ya yage ba. Ƙishirwar dai ɗaya ce, watau son labarin da zai hana mutum barci.

Abin da ya sake shi ne mugun da ke cikin labarin. A da, mugu yakan zo da bindiga a aljihu da jakar takardun asiri a hannu, ya ƙetare iyaka da fasfo na jabu, jarumi ya bi sawunsa daga wannan birni zuwa wancan. A littattafan leƙen asiri na yanzu kuwa mugun ba ya ko tashi daga kujerarsa. Yana zaune gaban kwamfuta a wata ƙasa mai nisa, ya danna wasu haruffa, sai wutar lantarki ta ɗauke a ƙasa sukutum, famfo ya ƙafe, banki ya manta da kuɗin mutane, jirage su rasa mai yi musu jagora su sauka. Wannan shi ake kira ta'addancin intanet, abin da yake hari kuwa su ne ginshiƙan da rayuwar ƙasa ta dogara a kansu: wuta, ruwa, sadarwa, man fetur, asibiti da banki.

Misalan suna da yawa. A shekarar 2012 wani marubuci ɗan ƙasar Ostiriya, Marc Elsberg, ya fitar da Blackout da harshen Jamusanci, inda masu kutse suka shiga ta mitocin wuta na zamani da ke gidajen mutane a Italiya da Suwidin, daga nan duhu ya mamaye Turai. A wannan shekarar dai Tom Clancy da Mark Greaney suka fitar da Threat Vector, a kan yaƙin kwamfuta tsakanin Sin da Amurka. A 2018 tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya haɗa hannu da James Patterson suka rubuta The President Is Missing, labarin wata ƙwayar cutar kwamfuta da aka shirya don ta shafe duk bayanan da ƙasar ta ajiye. Shi ma Frederick Forsyth, wanda 'yan Nijeriya suka sani tun rubuce-rubucensa a kan yaƙin Biyafara, ya fitar da The Fox a 2018, jarumin ciki kuwa wani yaro ne matashi da babu kullen kwamfutar da ke gagararsa.

Mu da muka fito daga Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye da su, mun karanta wasu daga cikin waɗannan littattafai, mun kuma ji daɗinsu. Amma karatun ɗalibin jami'a bai kamata ya tsaya ga jin daɗi ba. Ra'ayinmu shi ne littattafan nan sun faɗi gaskiya game da raunin da ke jikin rayuwar zamani, amma sun ɓatar da mai karatu game da kamannin abokin gaba, sun kuma fi ɓatar da shi game da magani. In muka haɗiye su ba tauna, za mu zauna muna tsaron taga alhali ƙofar gida a buɗe take.

Bari mu fara da inda suka yi gaskiya, domin akwai 'yan'uwanmu da ke ɗaukar abin duka tatsuniya. Sukan ce, cikin raha, ai wanda bai da wuta ba ya tsoron a ɗauke masa ita, kuma ɗan kutsen da ya zo kashe lantarki a Gwaram zai tarar an riga shi. Maganar tana da ban dariya, amma ba ta da ƙafar tsayawa. A watan Oktoba na 2024 mun ga bambancin da ke tsakanin wutar da ke zuwa tana tafiya da wutar da ta tafi ba ranar dawowa. Tun kafin nan 'yan bindiga sun lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikatan kamfanin TCN isa wurin su gyara. Arewa ta koma dogaro da layi guda da ya taso daga Ugwuaji ta jihar Inugu ya bi ta Apir ta jihar Binuwai. Da wannan ma ya lalace, sai Kano da Jigawa da Katsina da Bauci da sauran jihohi masu yawa suka shiga duhu fiye da mako guda. Mai niƙa ya koma sayen gas da tsada, kuɗin niƙa ya tashi. Mai walda ya rufe shago. Mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ya zauna hannu rabbana. Rijiyoyin burtsatse da ke aiki da lantarki suka tsaya, 'yan garuwa suka ƙara wa jarka kuɗi. Ashe 'yar wutar da muke rainawa ita ke riƙe da abincin dubban gidaje.

Haka kuma kuɗinmu ya riga ya bar aljihu ya koma cikin waya. Wanda ya je kasuwar Sara ko ta Babaldu a farkon shekarar 2023, lokacin da aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 aka rasa tsabar kuɗi, ya ga manomi ya kawo hatsi ko akuya, ga mai saye da kuɗinsa a banki, amma ciniki ya gagara saboda an tura kuɗi sun maƙale a hanya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka tsinke a daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, sai ga bankunan Nijeriya suna ba abokan hulɗarsu haƙuri, masu POS a bakin tasha suna ta duban na'ura. Mutumin Basirka da bai taɓa ganin teku ba, igiyar da ke ƙarƙashin teku ta hana shi cefane. Jarrabawar JAMB da ta kawo mu jami'a da kwamfuta muka rubuta ta. Lambar BVN da ta NIN, da layin wayar da aka ɗaure da su, duk suna ajiye a cikin wasu na'urori da ba mu taɓa gani ba. To wanda rayuwarsa ta rataya a kan waya haka, ta yaya zai ce mai tsinke waya bai dame shi ba?

Kada kuma a ce abin da littattafan ke faɗi bai taɓa aukuwa ba. A 2010 masana suka gano wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda aka shirya musamman don injinan tace makamashin nukiliya da ke Natanz a ƙasar Iran. Takan sa injinan su yi gudun da zai lalata su, a lokaci guda kuma tana nuna wa ma'aikata a fuskar kwamfuta cewa kome lafiya. An yi ta danganta ta da Amurka da Isra'ila, ko da yake babu wadda ta fito ta amsa. Ranar 23 ga Disamba, 2015, cikin tsananin hunturu, ma'aikatan wasu kamfanonin rarraba wuta uku a Yukiren suka zuba ido suna kallon kwamfutocinsu na aiki da kansu, ana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya daga nesa, har masu amfani da wuta wajen 225,000 suka shiga duhu. A watan Mayu na 2017 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila da yawa, aka soke ganin likita ga dubban marasa lafiya. A watan Mayu na 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, ya rufe bututunsa na kwanaki, ya kuma biya fansar dala miliyan 4.4. Mu da muka san zafin garkuwa da mutane ba ma bukatar dogon bayani a kan garkuwa da bayanai: a kama abin da ba ka iya rayuwa ba tare da shi ba, a ce ka biya kafin a saki.

Afirka ma ba ta tsira ba. A 2016 wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya tara dubban na'urorin da ya yi wa kutse ya antaya su a kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ta yi ta yankewa a ƙasar, kotun Ingila kuwa ta ɗaure shi a farkon 2019. A 2019 an kulle kwamfutocin kamfanin wuta na birnin Johannasbag, mutane suka kasa sayen katin mita. A 2021 aka yi wa kamfanin Transnet mai kula da tasoshin jiragen ruwa na Afirka ta Kudu irin wannan, kaya suka taru a Durban. Littattafan kuma kansu sun taɓa yin amfani. An ruwaito cewa bayan shugaba Ronald Reagan ya kalli fim ɗin WarGames a 1983 ya tambayi manyan hafsoshinsa ko irin haka na iya faruwa, aka bincika aka ce masa abin ya fi haka muni, a 1984 kuwa ya sa hannu a kan umarnin tsaron kwamfutocin gwamnati. Ƙagaggen labari yakan buɗe idon da rahoton ofis ya kasa buɗewa.

Wannan ke nan game da gaskiyarsu. Sai mu zo inda suka ɓatar da mu, farko kuwa shi ne kamannin abokin gaba. A littafi, mai kai hari gwani ne da ba a taɓa yin irinsa ba, kayan aikinsa kuma sai ka ce tsafi. A zahiri, abin da ya buɗe wa masu kutse ƙofar Colonial Pipeline kalmar sirri ce guda ɗaya ta wani tsohon asusu da aka manta ba a rufe ba. A Yukiren, wasiƙun imel ne na yaudara aka aika wa ma'aikata, wasu suka buɗe takardar da ke maƙale, masu kutsen suka shiga suka kwanta watanni suna nazarin gida. Ita kuwa WannaCry, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, wata biyu kafin ta ɓarke, waɗanda ba su sa ba su ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar kuwa ba wata aba ce mai ban mamaki ba: sakaci ne, da ha'inci, da kwangilar da aka ba wanda bai iya ba, da ma'aikacin da ya rubuta lambar sirri a takarda ya liƙa jikin tebur.

Daɗin daɗawa, in muka dubi manyan hare-haren nan da muka lissafa, za mu ga ko dai wata gwamnati ake zargi da su, ko kuwa 'yan neman kuɗi ne. Su 'yan ta'addar da muka sani a ƙasar nan ba su tsaya koyon kwamfuta ba kafin su taɓa ginshiƙan rayuwarmu. A watan Satumba na 2012 'yan Boko Haram suka bi turakun sadarwa na kamfanonin waya a Kano da Maiduguri da Yobe da Bauci da Gombe suna ƙonawa, suna cewa kamfanonin na taimaka wa jami'an tsaro gano inda suke. A watan Afrilu na 2014 suka shigo Gwaram da dare, suka far wa ofishin 'yan sanda da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda 7. Wanda ya dubi wuraren da suka zaɓa zai ga sun san inda gari ke numfashi: tsaro, shari'a da kuɗi. A watan Janairu na 2021 aka tarwatsa turakun wutar da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, aka yi wata biyu ana gyara, wuta ta dawo a watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake tarwatsa su. Birni mai miliyoyin mutane ya daɗe cikin duhun da littafin Elsberg ya ƙaga wa Turai, ba tare da an taɓa ko madannin kwamfuta guda ba.

Wani abin ma ba shi da mai laifin da za a nuna da yatsa face ruwan sama da rashin kula. A watan Agusta na 2021 ambaliya ta cinye wata gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta taho ta afka, mutum 21 suka rasa rayukansu. Babu ɗan leƙen asirin da ya shirya wannan. Hanya ce ta yanke, labarin yankewarta kuwa bai riski direba ba kafin ya iso. Muna zamanin da saƙo ke zuwa Landan cikin ƙiftawar ido, amma bai iya zuwa daga bakin gada zuwa tashar mota ba. Marubucin da ke neman abin tsoro a ƙasarmu ba sai ya aro daga Turai ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko illa, shi ne maganin da littattafan ke bayarwa. A ƙarshen kowane labari akan sami mutum guda, shugaban ƙasa ko ɗan leƙen asiri ko yaro mai baiwa, wanda zai gano kalmar sirri saura daƙiƙa kaɗan duniya ta tashi. Mai karatu ya rufe littafi ya yi ajiyar zuciya, ya tashi da tunanin cewa tsaron ƙasa aikin wani gwarzo ne da ke can wani wuri. Mu kuwa dama wannan ciwo ne da ya daɗe a jikinmu, jiran mai ceto, kowane zaɓe da nasa. Amma a Yukiren ba gwarzo ne ya maido da wuta ba. Ma'aikata ne suka shiga motoci cikin sanyi suka bi tashoshi suna mayar da makunni da hannu, abin da ya sa duhun bai wuce 'yan sa'o'i ba. Tsohuwar hanyar da ba su yar ba ita ta fisshe su. A 2024 ma, waɗanda suka maido wa Arewa wuta ma'aikatan layi ne da suka shiga daji da igiya da sifana, ba wanda ya san sunansu, ba kuwa wanda zai rubuta littafi a kansu in ba mu ba.

Akwai kuskure na uku, shi ne yadda irin waɗannan labarai ke koya wa mai karatu cewa in an ambaci tsaro sai kowa ya yi shiru, a bar hukuma ta saurari wayar wanda ta so, ta kama wanda ta so. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga ta'addancin intanet, a 2024 kuma shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sa turakun sadarwa da wayoyin intanet da rumbunan bayanai cikin kadarorin ƙasa da dole a kare. Wannan duka daidai ne. Amma sashe na 24 na dokar ya fi yin suna wajen kama 'yan jarida da masu sukar masu mulki, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Ba mu manta ba a watan Nuwamba na 2022 an zo har Jami'ar Tarayya ta Dutse an ɗauke wani ɗalibi an kai shi Abuja saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter, sai da ɗaliban ƙasar nan suka ɗaga murya kafin a janye ƙara. Muna tambaya: idon da ya iya gano ɗalibi guda a cikin dubbai, me ya hana shi ganin masu kwance turakun wuta? Haka nan a watan Satumba na 2021 gwamnati da kanta ta rufe layukan waya a Zamfara, daga baya a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Ko dabarar ta yi amfani ko ba ta yi ba, talakan da ke can ya ɗanɗani makonni na rayuwar da littafi ke tsoratar da Bature da ita, ba ciniki, ba kiran ɗan'uwa, ba hanyar neman agaji.

Kakanninmu sun fi marubutan nan fahimtar wannan al'amari. A ƙarni na 19 Birnin Kudu da Gwaram suna bakin iyakar ƙasar Kano ta kudu maso gabas, suna fuskantar hare-haren Ningawa. Abin da ke tsare gari a wancan zamani shi ne ganuwa da ƙofa, da rijiya da rumbu a cikin gari don kada ƙishirwa ko yunwa ta buɗe wa abokin gaba ƙofar da mashi ya kasa buɗewa. Ganuwar ƙasa kuwa damina ke cin ta, saboda haka gyaranta aikin gayya ne, kowace unguwa da nata rabo. Garin da ya bar ganuwarsa ta zaizaye yana taƙama da jarumtakar barde guda, ya san abin da zai biyo baya. Ganuwarmu ta yau ita ce layin wuta da turken sadarwa da gada da rumbun bayanai, ƙa'idar kuwa ba ta sake ba.

To me ya rage gare mu? Kiranmu na farko ga marubutan Hausa ne, musamman na cikinmu. Adabinmu ba baƙo ba ne ga labarin laifi da bin sawu. Tun 1982 Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, Sulaiman Ibrahim Katsina kuma ya rubuta Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri, kafin su ma Umaru Dembo ya kai mai karatun Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Waɗannan marubuta sun ɗauki sigar baƙo sun zuba mata damuwar gida. Muna so mu karanta labarin da ke faruwa tsakanin Kwanar Huguma da Basirka, wanda jarumarsa ma'aikaciyar jinya ce da ke ƙoƙarin kada jini da allurar rigakafi su lalace a firji bayan kwana bakwai ba wuta, mugun ciki kuwa yana sanye da babbar riga, shi ya karɓi kwangilar injin da bai taɓa tashi ba. Wanda ya kwaikwayi Clancy ya sa wa ɗan leƙen asirin Amurka suna Tanko bai yi mana kome ba.

Kira na biyu ga 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta da injiniya. Mun san yadda kalmar ɗan kutse ke burge matasa, mun kuma san wasu sun bi ta nan sun ƙare a damfara, suna kwashe ɗan abin da tsohuwa ta tara ta hanyar kiranta a waya a ce daga banki ne. Wannan sata ce, ko da wane suna aka yi mata ado. Aikin da ƙasa ke bukata gare ku ba shi da armashin littafi: sabunta manhajar kwamfuta a kan kari, ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da intanet, rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki, koya wa akawu kada ya buɗe kowace wasiƙa. In lokacin zaɓen batun kundin kammala digiri ya yi, me zai hana wani ya ɗauki garinsu ya lissafa abubuwan da za su tsaya in wuta ko sabis ya ɗauke na mako guda, da abin da za a iya yi tun yanzu? Irin wannan kundi ya fi wanda za a kwafo a jibge a kanta ƙura ta rufe shi.

Kira na uku ga ƙungiyarmu da ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumominmu. Kowane hutu muna komawa gida, galibi kuwa sai taron karrama wane da wane. A ware kwana biyu a bi kasuwanni da majalisu da makarantun matan aure, a gaya wa mutane da Hausa cewa banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri, kuma turken sabis da taransifomar unguwa dukiyarsu ce, wanda ya sayi wayar wuta ta sata ya sayi duhun gidansu. A haɗa kai da shugabannin direbobi da masu unguwanni a tsara yadda labarin gadar da ruwa ya ci zai isa kowace tasha kafin mota ta tashi. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, lambobin waya ne da amana.

Kira na ƙarshe ga hukuma. Asibitin Tarayya na Birnin Kudu yana karɓar marasa lafiya daga Gwaram da Buji har da maƙwabtanmu na jihar Bauci. Irinsa, da ƙananan asibitoci, da gidajen ruwa, su ya kamata a fara wadatawa da wutar sola mai zaman kanta, tunda rana ba ta bi ta Shiroro kafin ta iso mu. Duk ofishin da zai mayar da aikinsa kan kwamfuta, a tabbata ya san yadda zai yi aiki ran da kwamfutar ta ƙi, kada a yar da rajistar takarda tun ba a gwada sabuwar hanya ba. Kuma kada a sake barin jihohi goma sha su rataya a kan layin wuta ɗaya ko biyu. Wanda ya ɗaura dukan shanunsa a turke guda, ran da turken ya tumɓuke ba shi da wanda zai zarga.

Ba mu ce a daina karanta littattafan leƙen asiri ba, mu ma in an gama jarrabawa za mu koma musu. Abin da muke so shi ne in ɗan'uwa ya kai shafin ƙarshe, jarumi ya ceci Washintan, ya ɗaga kai ya tambayi kansa layi nawa ke kawo wuta garinsu, wa ke gadin turken sabis na bayan kasuwa, kuma wa zai buga wa tasha waya in gada ta karye da tsakar dare. In bai san amsa ba, to ga aikin hutu ya samu.